Baƙin allo ba mutuwa ba ne

Mu ɗalibai akwai kalmar da muke saurin faɗa: "ta mutu." Waya ta ƙi caji, ta mutu. Ordi ta nuna baƙin allo, ta mutu. Da an faɗe ta kuwa, sai a kama lissafin jikkoki, ko a miƙa na'urar ga mai gyara ya share duk abin da ke ciki. Ni na ga baƙin allon da ba mutuwa ba ne, kuma ina son in ba ku labarinsa, ko wani ya tsira da aikinsa.

Kwamfutata ƴar okaziyo ce, Linux ke cikinta. Saura kwana 12 in ajiye memwar ɗina, tsarin ya sabunta kansa da dare. Da safe na kunna. Tambarin kamfani ya fito, sannan allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ko ɗigo babu. Aikin wata 7 yana ciki. Mai gyaran da na fara zuwa wurinsa bai ko zauna ba, ya ce: "Samari, sai an formate ta." Na ɗauki abata na fito, cikina ya ɗuri ruwa.

Wata yayarmu mai karatun kwamfuta ce ta tsaya mini. Tambayarta ta farko: "Ƙanena, tambarin yana fitowa kafin baƙin?" Na ce e. Ta ce: "To allonka lafiya lau. Allon da ya lalace ba ya nuna tambari." Ta danna maɓallin manyan baƙaƙe, ƴar fitilarsa ta kama, ta sake dannawa ta ɗauke. "Ka gani? Tana jin mu. Baki ne ba ta da shi." Ta haska tocilar waya kan allon, don in hoton na nan dushi-dushi, fitilar bayan allo ce ta ƙone. Ba a ga kome ba.

Daga nan ta yi mini bayani. Tsakanin tsarin kwamfuta da katin da ke zana hoto akwai ƙaramar manhaja, masu Faransanci na ce mata pilot. Tafinta ce. Lokacin da tambari ke fitowa, na'urar na aiki da wata hanya mai sauƙi da aka gina cikinta. Bayan ƴan daƙiƙoƙi sai Linux ya miƙa aikin ga tafinta. In sabon tafintan bai jitu da katin ba, a daidai nan hoto ke ɗaukewa. Tsofaffin na'urori masu kati biyu sun fi gamuwa da haka.

Ga abin da muka yi. Muka sake kunnawa muna danna Esc (a wasu na'urori Shift ake riƙewa) har jerin GRUB ya fito. Ta danna e, ta nemi layin da ya fara da linux, ta ƙara kalma ɗaya a ƙarshensa: nomodeset. Ma'anarta, kada a miƙa ma tafinta aikin, a ci gaba da hanya mai sauƙi. Nan fa akwai tarko ga irinmu masu maɓallan Faransanci: GRUB na karanta su kamar na Ingilishi, don haka m ɗinka na fitowa ne daga maɓallin waƙafi da ke kusa da n. Ta danna F10. Allo ya haskaka! Hotuna ɓaro-ɓaro, rubutu manya-manya, amma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyansa ba.

Na miƙa hannu zan buɗe memwar, ta ce: "Tsaya. Kawo kile tukuna." Sai da muka kwafe kome. Wannan kalma ta kunnawa ɗaya ce kawai, ba magani ba ce, ƙofa ce. Bayan nan ne ta cire sabon pilot ta mayar da na da. Ko dala ban kashe ba.

Masu Windows, ku ma kuna da ƙofarku. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare na farkar da pilot ɗin hoto. In bai yi ba, akwai shiga ta yanayin kariya, inda za a cire shi.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda tambaya ɗaya ta raba allo da tafinta, alhali sharewa ta fi sauri ga mai gyara. Shi ba memwar ɗinsa ba ce. Ku kwafi matakan nan a bangon littafinku, da biro. Ranar da allo ya yi baƙi, ba cikinsa za ku karanta su ba.