Filin da Ba Shi da Takarda

Ranar Talatar makon jiya, bayan sallar isha'i, Yayana ya kira ni daga Jahun. Ko gaisuwa ba mu kammala ba ya shiga maganar da ta sa shi kira. "An yanka fulotai a bayan tsamiya," in ji shi. "Saura uku. Idan kana so in sa a rubuta sunanka, kafin Juma'a za su ƙare." Na tambaye shi wace tsamiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Tsamiya nawa ka sani?"

Gaskiyarsa. Guda ɗaya na sani. Tambayar neman lokaci ce kawai.

Wurin da ake maganar yankawa ba shi da suna. Mu dai "fili" muke ce masa, 'yan mata su ce "dandali", tsofaffi kuwa "masussuka", kowa da sunan abin da yake yi a cikinsa. Yana ƙarshen unguwarmu, daga inda katangun ƙasa suka ƙare har zuwa bakin kududdufi. Tsamiyar tana daga gabas, itatuwan darbejiya huɗu ko biyar suna jere ta kudu, sauran kuwa rairayi ne fari mai laushi, irin wanda ya ba jihar tamu sunanta. Babu shinge, babu ƙofa, babu mai gadi. Ban taɓa jin wani ya ce nasa ne ba, kuma a lokacin ban taɓa tunanin cewa wuri yana bukatar mai shi ba.

Filin yana da tsarin aikinsa, ko da yake ba wanda ya rubuta. Da sanyin safiya na awaki ne da tumaki, ana tara su kafin a kora su kiwo. Da hantsi dattawa su shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, masu dara su haƙa gurabensu a ƙasa. Bayan la'asar namu ne, mu da ƙwallon da muka ɗaure da tsumma da leda, ko kuma langa idan ƙwallon ta warware. Da kaka sai a kore mu gaba ɗaya: dammunan gero su cika wurin, mata su yi ta sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya hana kowa sakat har tsawon makonni. Da azumi, daga goma ga wata, nan 'yan tashe suke haɗuwa su raba unguwanni kafin su bazu, nan kuma suke dawowa su yi rigimar rabon hatsin da suka samo.

Amma filin na gaskiya da dare yake bayyana, musamman idan akwai farin wata. 'Yan mata su jera farantan gyaɗa da dafaffen rogo da awara, kowace da fitilarta aci-balbal, sannan su bar tallan a hannun ƙannensu su shiga gaɗa. Can gefe almajirai sun kewaye wutar karan da suka yo da yamma, karatunsu yana tashi yana sauka. Kusa da hanya akwai teburin mai shayi, wanda shi ne ofishin labaran unguwar. Ƙarfe takwas da rabi zai ƙure muryar rediyonsa don Sashen Hausa na BBC, kuma a wannan rabin sa'ar ko cokali ba ya yarda a kaɗa da ƙarfi. A bakin teburin nan na ga manya sun yi cirko-cirko ranar 8 ga Yuni, 1998, da aka tabbatar da rasuwar Janar Sani Abacha. Ina da shekara takwas, ban fahimci komai ba sai dai cewa ba a yi gaɗa a daren ba. Bayan kwana biyar Najeriya ta ci Sifaniya uku da biyu a gasar cin kofin duniya a Faransa, filin ya koma hayaniyarsa, aka wayi gari kowane yaro ya zama Garba Lawal ko Tijjani Babangida. Ina zaton a teburin nan aikin jarida ya fara shiga raina, ganin yadda murya ɗaya daga akwati take sa mutum talatin su yi tsit.

Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa aljanna ce ba. Kududdufin da muke wanka a ciki da damina rami ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya taru a ciki, dabbobi su sha, mata su yi wanki, mu kuma mu yi iyo. Kusan dukanmu mun yi tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta ratsa fatar mai wanka, daga baya yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Mu a tsakaninmu alamar girma muka ɗauke ta, har ana yi wa wanda bai fara ba dariya. Sauro ma daga nan yake tasowa. Kuma dandalin da nake yabo shi ne inda 'yan matan da suka kamata a ce suna barci don makarantar gobe suke kaiwa sha ɗayan dare suna jiran rogo ya ƙare. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai maganin tsargiya ƙwaya ce da ake haɗiya, maganin talla kuma makaranta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bukaci a sayar da filin.

Ban san akwai wani abu wai shi "wurin shaƙatawa" ba sai da Baffana ya kai mu Gidan Zoo a Kano wata ƙaramar sallah. Abin da ya fi ba ni mamaki ba zaki ba ne. Layin sayen tikiti ne: a biya kuɗi don a shiga a zauna ƙarƙashin bishiya! Na dawo gida ina ba abokaina labarin wautar mutanen birni. Yanzu na gane su ne masu wayo. Gidan Zoo yana nan tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma duk lokacin da aka yi yunƙurin taɓa shi sai an yi ta cece-kuce, domin yana da suna, yana da katanga, yana da hukumar da ke riƙe da shi. Haka Millennium Park na Abuja, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003. Haka dandalin Malam Aminu Kano da ke Dutse, inda ake manyan tarukan jiha. Waɗannan an zana su a taswira. Namu a ƙwaƙwalwar tsofaffi kawai aka zana shi, tsofaffin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne doka ta shigo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. A yankin da aka ayyana birni ne, shi ke ba da takardar mallaka. A karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada. Gona tana da magada da za su tsaya mata. Masallaci da maƙabarta suna da alfarmar da ke tsare su. Makaranta tana da fayil a ma'aikata. Amma filin da yara ke wasa, a idon mai awo, fili ne kawai da ba a yi komai a kansa ba. Duk abin da na lissafa a sama, da sussukar da darar da gaɗar, ba ya barin tubali ko ɗaya da za a nuna a ce ga shaida.

Sannan ga yawan jama'a. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, na girme ta da shekara guda. Ƙidayar wannan shekarar ta ba ta mutum miliyan 2.8 da 'yan kai. Ta 2006 ta ba ta sama da miliyan 4.3. Jahun kanta ta buɗe: ga babban asibitin da mata ke zuwa haihuwa da neman maganin yoyon fitsari daga nesa, tun da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a can a 2008, ga makarantar koyon aikin lafiya da ɗalibanta masu neman ɗakin haya. Duk yaron da muka yi langa da shi yanzu magidanci ne, kuma gidan ubansa ba zai ɗauke shi da 'ya'yansa ba.

Shi ya sa ban iya nuna mutum ɗaya in ce shi ya cinye mana fili. Da kaɗan-kaɗan aka ci. Wani ya ja katangarsa gaba da taku biyar, ba wanda ya tanka domin maƙwabci ne. Aka kafa shago a bakin hanya, sai na biyu ya jingina da shi. Aka sare darbejiyoyin saboda wayar lantarki. Kududdufin kuwa aka mai da shi juji har ya cike, aka daddale, aka yi gini a kai. Ruwan da ya saba kwanciya a nan shekara da shekaru bai sami labarin an sayar da makwancinsa ba. A daminar 2022, wadda ambaliya ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ya zo neman wurinsa, da bai samu ba ya shiga ɗakin mahaifiyarmu har gwiwa.

Da na je gida babbar sallar da ta wuce, na tarar da ɗan Yayana da abokansa suna buga ƙwallo a kan kwalta, sun aje takalma a matsayin raga. Duk minti biyu sai wani ya yi ihu, "Mashin!", su dare, ya wuce, su dawo. Ƙwallonsu ta roba ce mai kyau, ta fi tamu nesa ba kusa ba.

Washegarin kiran na sake neman Yaya. Na ce masa akwai abin da ake kira waƙafi, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, mu ma muna bayar da fili don masallaci ko makarantar Islamiyya ko maƙabarta. Me zai hana mu tara 'yan unguwa da ke aiki a Kano da Dutse da Abuja, mu sayi ukun nan, a rubuta takarda gaban mai unguwa da dagaci da liman cewa ba za a taɓa gini a kai ba?

Ya yi dariya har da tari. "Wato ka fitar da kuɗinka, a wannan tsadar, don yara su yi langa? Kai da kake gidan haya?" Na ce haka ne. Ya ce, "To ka ji. Idan ka bar shi fili, shekara biyu ba za a yi ba sai wani ya zuba yashi a kai. Idan ka kewaye shi, ya tashi daga dandali ya zama kangonka. Wanne ka zaɓa?" Ban da amsa. Na kira mutum shida daga cikin abokan wasanmu. Biyu sun ce Allah ya ba da lada. Ɗaya ya ce zai duba bayan albashi. Ɗaya kuma ya yi ta kame-kame, daga baya na ji ashe shi ne ya sayi fulotin farko.

Ranar Alhamis na tambayi Yaya a wanne daga cikin ukun tsamiyar ta faɗo. Ya ce na tsakiya, kuma shi ne mafi araha, domin duk wanda ya saya sai ya biya masu sara da masu tone saiwa kafin ya ja harsashi. Na tura masa kafin alƙalami a daren. Ƙafa hamsin ne a kan hamsin, ko rabin filin ƙwallon yara bai kai ba. Maiɗakina ta ga saƙon banki, ta yi murna, har ta fara lissafin inda za a sa kicin. Har yanzu ban gaya mata cewa akwai bishiya a tsakiyar falonta ba.