Amarya a Akurkin Ɓeran Masar

'Yan uwana mata, duk mai kiwon ɓeran Masar ta san halinsu: ba sa son kaɗaici, amma baƙo sai ya sha wuya kafin su karɓe shi. Asalinsu ma ba Masar ba ne, daga tsaunukan Kudancin Amurka suka fito.

In kin sayo sabuwa, kar ki jefa ta akurki ranar nan. Ware ta mako 2 ko 3, ki duba ko tana da ƙazuwa ko mura. Sannan ki haɗa su a wurin da babu warin kowa, ki baza ciyawa da ganyen kabeji. Za su yi gurnani, su kori juna; ƙyale su, girma suke rabawa. Amma in kin ga jini, raba su nan take. Maza biyu kuwa kusa da mace, faɗa ne tsagwaronsa.

Ni kam abin yana tuna mini amarya da uwargida. Ki wanke akurkin tas, ki ba kowacce kwanonta da maɓoyarta, sai ki ga an kwanta jiki da jiki. Dabba ma tana son adalci, balle ɗiya mace. Allah Ya ba mu zaman lafiya.