Wa Ake Buɗe wa Ƙofa a Manyan Jami'o'in Amurka?

Na daɗe ina taya 'yan sakandare cike takardun neman gurbi a jami'o'in Amurka irin su Harvard da Yale, inda da ƙyar ake ɗaukar mutum biyar cikin ɗari. Na ga haziƙai an mayar da su, iyayensu suna tambayata ina yaron ya gaza. Sau da yawa bai gaza ko'ina ba.

1. Maki bakin ƙofa yake kai ka. Kusan duk mai nema a can gwani ne a ajinsu. Sakamakon jarrabawar SAT mai kyau yana sa a buɗe takardarka a karanta. Daga nan wasu ma'aunan ne ke aiki.

2. Ɗan gida ba ya bin layi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Shari'ar da aka yi da Harvard a Boston a 2018 ta tilasta wa jami'ar fito da bayananta, sai ga shi cikin 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta ana ɗaukar kusan 33 cikin 100, sauran jama'a kuwa wajen 6. Akwai kuma jerin sunaye na musamman da ake saka 'ya'yan masu ba jami'a gudummawa. A 2023 wani mai bincike, Raj Chetty, da abokan aikinsa suka nuna cewa ko da maki ya zo ɗaya, ɗan gidan da ke sahun kashi ɗaya cikin ɗari na masu arzikin ƙasar ya ninka ɗan matsakaicin gida damar zama a waɗannan makarantu fiye da sau biyu. Mu da muka san takardar "wane ne ya aiko ni" ba za mu yi mamaki ba, sai dai a can abin a tsare yake, ba a ɓoye shi. Jami'o'in suna cewa hakan ke riƙe zumunci da gudummawa. Ban gamsu ba, domin MIT ba ta duba gado, Amherst ta daina a 2021, kuma babu wadda ta durƙushe.

3. Wasa ma gata ne. A bayanan Harvard ɗin nan, 'yan wasan da kociyoyi suka zaɓa ana ɗaukar fiye da 80 cikin 100. Ba ƙwallon unguwa ake nufi ba. Da yawa wasanni ne irin tseren kwale-kwale da wasan takobi, waɗanda sai mai hali ke koya wa ɗansa. Faɗin wannan ƙofa ne ya sa a badaƙalar da aka bankaɗo a 2019 wani mai suna Rick Singer ya riƙa shigar da 'ya'yan attajirai da sunan wasannin da ba su taɓa yi ba.

4. Baƙo, aljihunsa ake dubawa. Yawancin jami'o'in suna la'akari da buƙatar tallafi idan mai nema ɗan waje ne. Kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, suke yanke hukunci ba tare da duba hakan ba. Yanzu da tambayar ko za a duba aljihunsa nake farawa kafin yaro ya ƙwallafa rai a kan wata makaranta.

5. Asalinka ma jari ne, in ka iya faɗinsa. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana fifita mai nema saboda launin fata, amma ta bar masa damar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Har yanzu ana daraja wanda shi ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a, da wanda ya fito daga karkara. Yaranmu kuwa wannan suke ɓoyewa. Wata ɗalibata ta kawo mini rubutu cike da manyan kalmomi kan shugabanci, irin wanda kowa zai iya yi. Da muka zauna hira sai ta ambaci cewa tun tana aji ɗaya ita ke riƙe lissafin adashen mahaifiyarta, domin uwar ba ta yi boko ba, kuma ita ta tsara littafin da ya kashe rigimar zubi tsakanin matan. Na ce, "'Yata, wannan za ki rubuta." Ta ji kunya, tana ganin tonon asirin gida ne, sai da ta nemi izinin mahaifiyar tukuna. Manyan jami'o'in ba su ɗauke ta ba. Wata ƙaramar kwaleji ce ta ba ta gurbi da cikakken tallafi, ta karanta tattalin arziki.