Ciki da Falo a Tsibirin Ikko

Litinin, 27 ga Mayu, 2024
Dillali ya kai ni wani lungu bayan titin Bamgbose. Bene hawa uku, na can sama. Ciki da falo, banɗaki a ciki, ɗan wurin girki. Matakala duhu ko da rana tsaka. Taga ɗaya na kallon rufin kwano masu tsatsa, ɗayar bangon maƙwabta, hannu zai taɓa shi. Daga nan zuwa kasuwar Balogun tafiyar ƙafa ce. Shi ya tsayar da ni. Fitowa daga Agege kafin asuba, komawa bayan lisha, jiki ya fara ƙi. Jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a Fabrairu, wanda zai bi ta Agege zuwa Oyingbo, har yau bai fara ɗaukar mutane ba.

Laraba, 29
Mai gidan tsohuwa ce, Alhaja ake ce mata. Ta ce shekara biyu. Kawu ya raka ni, ya gaishe ta da Yarbanci har da rusunawa, sannan a hankali ya tuna mata dokar haya ta 2011 ta hana karɓar sama da shekara guda daga sabon ɗan haya, kuma nan ba Ikoyi ba ne balle a ce dokar ta tsame unguwar. Ta yi dariya, ta sauko shekara ɗaya. Sauran ba su motsa ba: kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya mai rubuta yarjejeniya, sai kuɗin ajiya ko za a ɓata wani abu.
Kawu a hanya: "Ɗana, a garin nan ba ɗaki ake haya ba, ruwa da wuta ake haya. Ka tambaya da kyau."

Juma'a, 31
Na biya. Rasit a aljihu, makulli biyu. Alhaji, maigidana, ya cika mini ragowar, za a riƙa cirewa duk wata. Juma'a a Babban Masallaci na titin Nnamdi Azikiwe, cike har waje, masu tallan leshi sun rufe kayansu da leda sun bi sahu. Huɗuba da Yarbanci. Na yi addu'a Allah ya sa gidan ya karɓe mu.

Asabar, 1 ga Yuni
Katifa, buta, darduma, tukunyar gas, akwati. Babu acaɓa a tsibirin tun haramcin 2022, mota kuma ba ta shiga lungun. Wata mata 'yar dako ta ɗora katifar a ka, ta yi gaba, ni ina bin ta da akwati.
Na kira maman yara na zagaya da ita ɗakin ta waya. "Malam, ina za a yi shanya?" Ban da amsa. Mun tsayar: za su zo bayan Babbar Sallah, in Allah ya yarda.

Litinin, 3
Yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago kan mafi ƙarancin albashi. An kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Bankunan Broad Street a rufe. Dare zafi mai ɗanko, janareto ta ko'ina, hayaƙinsu na hawowa ta matakala. Sauro.

Laraba, 5
Wuta ta dawo, injin ya tura ruwa tanki, famfo ya kawo. Ja-ja, da ƙarnin ƙarfe. Na taɓa a harshe: zartsi. Sabulu ba ya kumfa. Maƙwabcina na hawa biyu, tela, ya ce haka rijiyoyin nan suke, teku na ƙarƙashinmu, in ka tona kaɗan ka same shi. Na wanki da banɗaki kawai. Na girki sai 'yan ga-ruwa, na sha sai na leda.
Mai kawo wa gidan ruwa mutumin Tawa ne. Ya ji Hausa a bakina ya ajiye jarka muka gaisa sosai, har da tambayar damina a gida. Hawa uku kuɗinsa daban, ya ce, kuma gaskiyarsa. Jarka biyu a hannu, matakala ba haske.

Alhamis, 6
Kasuwa ba a buɗewa sai ƙarfe goma, sharar Alhamis. Na yi barci bayan asuba. Rabona da hakan na manta.

Asabar, 8
Na fara gane muryoyin unguwa. Kiran sallah daga masallatai uku ko huɗu, ba sa tashi tare. Ƙararrawar cocin Holy Cross. Mai burodin Agege, mai wake, kwandastan danfo can nesa yana kiran Obalende. Da yamma yara na ƙwallo a filin Campos. Tela ya ce kakanninsa daga Brazil suka dawo, bayin da suka 'yantu, su suka gina unguwar. Ya nuna mini tsofaffin gidaje masu tagogi zagayayyu da zanen filasta a goshin ƙofa. Wasu sun fashe, bishiya ta tsiro a bango. Ilojo Bar da ke kusa da Tinubu, ya ce, a 2016 aka rushe shi, duk da gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi.
Yau na ji daɗin wurin. Na ci tuwo a Obalende, na dawo a ƙafa.

Talata, 11
Takalmin Sallah ya yi fumfuna a cikin akwati. Rigar da na wanke Lahadi ba ta bushe ba. Kwaɗon ƙofa sabo har ya fara tsatsa.

Alhamis, 13
Ana maganar amai da gudawa. An kwashi mutane daga wani lungu ta wajen Isale Eko, in ji masu shago. Gwamnatin jiha ta yi sanarwa a kula da ruwa da abincin titi.

Asabar, 15
Arfa. Azumi. Labarai: kwalara ce, mutum 15 sun rasu, kuma tsibirin nan ne ya fi yawan masu ɗauke da ita. Na tafasa har ruwan alwala. Na tambayi mutumin Tawa inda yake ɗebowa, ya ce wata rijiyar burtsatse, mai ita na sayarwa. Bututun roba ne ke bi ta cikin kwata, na gan su da idona, an ɗaɗɗaure da tsumma inda suka fashe.
Ƙaramar tamu komai ta samu sai baki.
Ban gaya wa uwarta ba tukuna.

Lahadi, 16
Idi a filin Dodan Barracks. Agbada da babbar riga sahu ɗaya. Raguna ɗaure a gindin kowane bene, jini da ruwan sama sun haɗu a kwata. Alhaja ta aiko jikarta da soyayyen nama da shinkafa. Na sauka na yi godiya. "Malam, yaushe iyawo za ta zo?" Na ce kwanan nan, Alhaja, da yardar Allah. Ta ce gidan ya daɗe bai ji kukan jariri ba.
Da dare waya. Yara sun nuna mini lalle da sababbin kaya. Na kashe fitila da wuri.

Talata, 18
Hutu. Gidan tarihi na Onikan. Motar Murtala tana nan, baƙar Marsandi, ramukan harsashi a jikinta, tun 13 ga Fabrairu 1976. Na daɗe a tsaye. Babban yaron zai so ya gani, suna karanta shi a makaranta. Daga nan Dandalin Tafawa Ɓalewa, dawakai da gaggafa a saman ƙofa. Nan aka karɓi tutar 'yanci a 1960. Mutanenmu sun zauna a tsibirin nan, sun yi mulki, wasu nan ajali ya same su. Ban ji baƙunta ba yau.

Juma'a, 21
Tsaga a bangon ciki, daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Fenti sabo ne, damshi ya ɗaga shi ta fito. Na ja layi da biro a inda ta tsaya, na rubuta kwanan wata.
Gida na uku daga namu an shafa masa jan fenti, alamar hukumar kula da gine-gine. Mutane na ciki, shanya a baranda.

Asabar, 22
Na nuna wa tela. Ya ce ta filasta ce. Sannan da kansa ya kawo zancen Ita Faji, Maris 2019, bene mai makaranta a sama ya rushe, mutum 20 suka mutu, akasari yara. Yana cikin masu tono da hannu ranar. Ya yi shiru, ya koma kan keke.
Ƙasar nan yashi ce da cike-ciken fadama. Gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, magada su ɗora biyu a kai saboda haya. Namu ban san yadda aka yi shi ba. Alhaja ta ce mijinta ne ya gina, da kuɗin halak, ba abin da zai same shi. Na ce haka ne, Alhaja, amma a kira injiniya ya duba, ni zan biya rabi. Ta ce za ta gaya wa ɗanta.

Litinin, 24
Dila shida na leshi zuwa Kwari, an loda a Iddo. Dala na wasa da farashi, Alhaji na faɗa a waya kamar ni na sa. Bayan la'asar Marina. Jirgin ƙasa na Mile 2 na wucewa a sama, jiragen ruwa manya a Apapa can tsallake, iska mai gishiri. Rabin awa ban tuna bango ba.
Layin biro na nan inda yake.

Laraba, 26
Yanzu an ce wani kunun aya marar rajista ne ya yaɗa cutar a wajen Eti-Osa. Yaran da ke sayar da kunun aya a bakin masallaci, 'yan Arewa, ba mai saye. Ɗaya ya zubar da nasa a gabana, jarin ke nan duka.

Alhamis, 27
Na gaya mata duka. Ruwa, cutar, tsagar. Shiru mai tsawo. Sannan: "Malam, kai ma ai mutum ne. In bai dace da mu ba, kai me ya sa ya dace da kai?" Ta ce a gidansu an fara tambaya. Ta ce ita ta iya tafasa ruwa.
Kuɗin shekara na hannun Alhaja. Ba ya dawowa.

Asabar, 29
Tela ya bi da ni titin Kakawa, ya nuna mini gidan Da Rocha, wanda ake kira Gidan Ruwa. A da can rijiyarsa ce mai daɗi a unguwar, yana sayar wa mutane. Ashe sayen ruwa a nan ya girmi kowa da ke raye.
Na sayi babban duro mai murfi da alif.

Litinin, 1 ga Yuli
Katin mita ya ƙare da wuri. Fanka ɗaya, fitila biyu, cajin waya. In ga ko an mayar da layinmu cikin masu tsadar nan da aka ƙara wa kuɗi a Afrilu.
Ɗan Alhaja bai zo ba.

Laraba, 3
Ruwa tun kafin asuba, bai tsaya ba har yamma. Lungu ya zama rafi, baƙi, da leda da robobi. Ya shiga ɗakunan ƙasa, matar da ke sayar da garin rogo ta ɗora buhuna a kan benci tana kuka. Mun taya ta hawa da su matakala. An ce hanyar hawa gadar Third Mainland ta wajen Oworo ta cika, motoci sun nutse har tagogi. Kwatocin nan a tafkin teku suke zubarwa, in ya cika ya tashi ba inda ruwan zai je, sai ya dawo mana.
Ba kasuwa. Na zauna ina kallon bango yana jiƙewa. Da ina Agege yau da a kan hanya zan yini. Da suna nan kuma, da yara biyu a hawa uku, ba fita, duro rabi.

Alhamis, 4
Ruwa ya janye, ya bar taɓo da wari. Tsagar ta wuce layin biro. Kaɗan, kamar faɗin farce. Ko hannuna ne bai ja daidai ba ran nan. Na sake ja.

Asabar, 6
Kawu ya zo da kansa, ya hau yana haki. Ya ƙwanƙwasa bango da makulli, ya saurara, ya sauka ya duba ginshiƙan ƙasa. Bai ce komai a kai ba. "Ka bar su tukuna. Ruwa na ɗan tsagaitawa a Agusta, lokacin makaranta ma ta yi hutu." Ya shiga wurin Alhaja su kaɗai, sun jima.

Lahadi, 7
Sabuwar shekara, 1446. Rana ta fito, kowa ya baza katifa a baranda. Alhaja ta ba ni izinin ɗaura igiya a saman rufi. Na ɗauki hoto na tura: ga wurin shanya. Ta aiko da dariya, sannan jerin kaya: turmi, tukwane biyu, gidan sauro, keken ɗinkinta.

Talata, 9
Ɗan Alhaja ya kira. Injiniya zai zo Alhamis da safe, kafin a buɗe kasuwa, rabin kuɗin a wurina kamar yadda na ce. Na tambayi kuɗin mota daga Kano, kujera uku da keken ɗinki. Ban biya ba. Wata islamiyya a bayan Campos na karɓar yara, zan leƙa gobe in na taso.