Dattijon da Ya Yi wa Baƙo Dariya

Mu malaman makaranta mun san littafin Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wato alloli ba su da laifi, gama an daɗe ana sa shi cikin jarrabawar sakandare. An fara yin wasan a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa.

Asalin labarin na Helenawa ne. Safokilis ya rubuta shi a Atina, garin nan da Manzo Bulus ya yi wa'azi, fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu. An yi duba aka ce jariri zai kashe ubansa, ya auri uwarsa. Aka yar da shi, bai mutu ba, abin kuwa ya cika. Rotimi ya mai da labarin ƙasar Yarabawa, ya sa wa yaron suna Odewale.

Wurin da ya sāke shi ne ya fi tsaya mana a rai. A wasan Helenawa, gardamar hanya ce ta jawo kisan. A na Rotimi kuwa gona ce. Odewale ya tarar da wani dattijo da mutanensa suna haƙe masa doya. Ya daure. Amma da dattijon ya yi wa harshensa ba'a, ya raina kabilarsa, sai ya sare shi da fartanya. Ashe mahaifinsa ne, Sarki Adetusa. Kabilar da ya yi kisa dominta ma ba tasa ba ce, riƙonsa kawai aka yi a can.

Rotimi, wanda ubansa Bayarabe ne, uwarsa Ijo, ya bayyana cewa allolin nan su ne manyan ƙasashe, irin su Amurka da Rasha da Ingila da Faransa, waɗanda 'yan Nijeriya suka ɗora wa laifin yaƙin. A ganinmu ya ɗan sassauta musu, gama makaman ba a Ife aka ƙera su ba.

Duk da haka ba ma iya kauce wa gonar nan. A Dangora mun san rikicin iyakar gona, mun kuma san yadda yaran aji sukan kwaikwayi Hausar baƙon yaro daga kudancin Kaduna har ya daina ɗaga hannu. In muka raba wasan don karantawa, kowane yaro Odewale yake so. Dattijon kuwa sai mun naɗa wani dole, ko da yake muryar ba'ar ba ta yi wa kowa wuya.