Walƙiyar da Ido Ba Ya Gani

Komai tsabtar sararin samaniya a daren Gwarzo ko Kabo, akwai walƙiyar da ido ba zai kama ba, domin ta hasken gamma ce, wanda ido ba ya gani, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi. Ranar 17 ga Agusta, 2017, tauraron ɗan'adam na Fermi ya kama irinta. Kimanin daƙiƙa biyu ta yi, alhali ta shafe shekara kusan miliyan 130 tana tafe daga karon wasu matattun taurari biyu. Wani zai ce, me daƙiƙa biyu za ta karantar? Mun saba auna abu da daɗewarsa ne, amma a wannan karon masana suka samu hujjar cewa irin wannan karon taurari yana samar da zinariya. Tun 2008 Fermi yake gadin irin wannan walƙiya.