Na Rubuta Yabo, Aka Karanta Suka

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani matashi da ya yi aiki a ƙarƙashina ya roƙe ni in rubuta masa wasiƙar shaida, domin yana neman gurbin ƙarin karatu a Ingila. Yaro ne mai ƙwazo, kuma na so ƙwarai ya dace. Cikin abin da na rubuta akwai jimla guda da na ɗauka ita ce ƙololuwar yabo: “He is no worse than any of his colleagues.” Abin da ke raina shi ne babu wanda ya fi shi a cikin takwarorinsa. Na bi hanyar kawaici ne, tunda a tarbiyyar da na tashi a kai ba a cika kambama na gida ba.

Bai samu gurbin ba. Bayan wasu watanni na nuna kwafin wasiƙar ga wata abokiyar aiki da ta daɗe tana koyar da Turanci. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, “Malam, ai cewa ka yi dukkansu sai a hankali, shi ma dai bai fi su lalacewa ba.” Ko da akwai wasu dalilan da suka hana shi, na tabbata jimlata ba ta taimake shi ba. Tun ranar na koma ɗalibin wani babi na nahawu da na zaci na gama da shi tun a sakandare.

Tushen matsalar shi ne Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ɗora nauyin kwatance ba. Mu aikatau ne ke yi mana aikin: Audu ya fi Musa tsawo, ya kai shi tsawo, ko bai kai shi ba. Kalmar “tsawo” ba ta sauya kama, “fi” da “kai” su ne ma’aunin. Masanin harshe Leon Stassen, a littafinsa na 1985 kan kwatance a harsunan duniya, ya ware irin wannan tsari a rukuni na musamman, kuma ya yawaita a harsunan Afirka ta kudu da Sahara. Shi ya sa Turancin buroka na Najeriya ya ɗauki “pass” yana yi masa aikin “fi” ɗinmu sak.

Shi kuwa daidaitaccen Turanci, sifar ce da kanta take sauyawa. Gajeruwar kalma a liƙa mata ɗafa-ƙeya, “tall” ta koma “taller”. Doguwa a sa mata “more” a gaba, kamar “more expensive”. Wasu tsiraru kuma su sauya ɗungurungum: “good” ta zama “better”, “bad” ta zama “worse”. Ina ganin daga nan ne “more better” ke kuɓuce wa da yawanmu. Zuciyar Bahaushe tana neman kalmar da za ta tsaya a madadin “fi”, sai ta cafko “more”, ta manta cewa fifikon ya riga ya shige cikin “better”. A zamanin Shakespeare ana irin wannan ninki ba tare da an ga laifi ba, malaman nahawu na ƙarni na 18 ne suka tsananta hana shi. Yau duk wanda ya rubuta shi a takardar ofis, da shi za a auna iliminsa.

Akwai kuma kalmomin da ke zaune daram a bakin ma’aikatan gwamnati: “senior”, “junior”, “superior”, “inferior”. Daga Latin aka aro su, kuma can ma siffar fifiko ce da su. Saboda haka in suna su kaɗai ba sa tafiya da “than”, sai “to”. Wanda ya girme ka a aiki “senior to you” ne. Haka ma “prefer”: ana fifita shayi “to” kofi.

Amma duk waɗannan kurakuran sutura ne, mai karatu zai yi murmushi ya gane nufinka. Kuskurena ya fi su muni, domin jimlata ba ta karya ƙa’ida ko ɗaya ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne kalmar da ka zaɓa ita ke nuna a wane gefen ma’auni kake tsaye. In ka auna mutum da “worse”, ka riga ka ajiye shi tare da abokansa a ɓangaren muni, kana lissafin wa ya fi wa. Da na ce “as good as any”, ko “second to none”, da a ɓangaren nagarta na tsayar da shi. Abin mamaki, mun san wannan a harshenmu. Wanda ya ce “gara Audu da Musa” bai yabi Audu ba, cewa ya yi a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da “gara” na shaidi yaron, alhali ina zaton da “fi” na shaide shi.

Wani tarkon kuma shi ne abin da Turanci ke sharewa bayan “than”. Ɗauki jimlar “The director trusts Amina more than me.” Tana iya nufin darakta ya fi yarda da Amina a kaina, tana kuma iya nufin ya fi ni yarda da Amina. Hausa ta raba ma’anonin biyu da gurbin da “ni” ya zauna, Turancin yau da kullum ya cure su wuri guda. Maganinsa a cika jimlar: “than I do”, ko “than he trusts me”.

In kuɗi ya shigo, haɗarin ya ƙaru. Idan bara an kashe naira miliyan 10, “three times as much” miliyan 30 ne babu gardama. Amma “three times more” wasu za su karanta miliyan 30, wasu su ce ƙarin ninki uku ne a kan na asali, wato miliyan 40. A rahoton kasafi ko takardar kwangila, a rubuta adadin kawai a huta.

Na ƙarshe shi ne “you had better”. Kamanninsa na shawara ne, kamar a ce zai fi kyau ka yi kaza, amma a kunnen mai harshen gargaɗi ne, akwai “in ba haka ba” a ɓoye a bayansa. Shugaba zai iya faɗa wa na ƙasa da shi. Na ƙasa ya faɗa wa shugaba kuwa, ya yi rashin ladabi bai sani ba.

Na kira matashin nan na gaya masa abin da na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ba komai, ranka ya daɗe, rabo ne bai tsaga ba.” Haƙurinsa ya fi faɗa yi mini ciwo. Da shekara ta zagayo ya sake nema, na ajiye kawaici na rubuta cewa a cikin duk waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina shi ne mafi hazaƙa, kuma kafin in sa hannu sai da na kai wa abokiyar aikin nan ta karanta.